Shekarar da Aka Sayar Mana da Guminmu

Ku 'ya'yana, na san abin da kuka taso kuna ji a bakin mutane game da ni da gidan Malam Yahuza. Na san an taɓa faɗa wa Hadiza a wajen wani biki cewa ubanta ne ya rufe zauren Malam, ta dawo gida ta ƙi cin abinci. Babu ɗayanku da ya taɓa tambayata, kuma na gode da wannan kunyar. Amma irin wannan kunyar ce ta jawo duk abin da zan rubuta a nan, saboda haka ba zan bari ta raka ni kabari ba. Karatuna na boko a firamare ya tsaya. In kun ga kuskure a rubutu ku gyara, amma kada ku taɓa maganar, don na daɗe ina juya ta a raina kafin in ɗauki biro.

Gidajen nan da muke ciki a Ƙofar Gayan, waɗanda ake kira gidajen rahusa, don masu ƙaramin ƙarfi aka gina su. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, layi huɗu, babbar kwata ta ratsa ta bayanmu ta gangara wajen ganuwa. Wasunmu haya suke biya. Wasu kuma irina, an yi da mu za mu riƙa biya kaɗan-kaɗan har gidan ya zama namu. Hukumar da ta gina su ba ita ke kula da su ba, wani kamfani ta miƙa wa, shi kuma ya ajiye ejan a wani ɗan ofis a bakin layi. Ban da kuɗin gida akwai wani da ake kira kuɗin sabis, wai na gyaran bohol, da fitilun layi, da kwashe shara, da yasar kwata. Ni ɗinkin hula nake yi a rumfa, ba na samun da yawa, amma ban taɓa bari wata ya mutu ban biya ba. Kun san halina. Ni ne mai kulle ƙofa ya yi tafiya ya dawo ya taɓa kwaɗon. Kowane rasit ina ninke shi in saka a gwangwanin madara, kuma duk abin da zan rubuta wa wani sai na fara rubuta shi a littafina, don kada a ce na ce abin da ban ce ba. Mahaifiyarku Rakiya takan ce da a ce damuwa sana'a ce da tuni mun yi bene.

Ejan ɗin nan Kabiru ne, ɗan Malam Yahuza. Sai kun san abin da Malam yake a wurina kafin ku gane wautata. Shekara ashirin ina zuwa zaurensa a Limancin Kona bayan La'asar, in shimfiɗa buzuna a gefen ƙofa, in jira layi ya zo kaina. Ba ni da kaifin kai, abin da wani zai ɗauka a mako ni sai na yi wata, amma Malam bai taɓa nuna ya gaji da ni ba. Shi ya raɗa wa ukunku suna. Kabiru kuwa a gabana ya girma a zauren nan. Ban taɓa kiran sunansa ba, Malam Ƙarami nake ce masa. Ranar da aka ce shi aka ba ofishin gidajenmu sai da na yi sadaka, na ce Allah ya kawo mana ɗan gida.

Akwai al'adar da muka tarar kuma muka riƙe: duk shekara kafin ruwan farko, mazan layukan nan huɗu su fito gayya su yashe kwata. Ba wanda ya taɓa sa mu. Mun san in ba mu yi ba ruwa ɗakunanmu zai shiga. Kowa ya zo da abin da yake da shi, mai shebur, mai baro, mai bokiti, a naɗe wando a shiga cikin ƙazanta tun hantsi har Azahar. Gwaggo Kande, wadda mijinta ya rasu ya bar ta a ɗakin ƙarshe na layinmu tana tuyar waina a bakin titi, ita ke dama mana kunun tsamiya da geronta, ba ta karɓar ko sisi. Ni kuma aikina rubuta waɗanda suka fito, don in an zo rabon goro kada a tsallake wani ya ji haushi. Kuma ba sunayen yanka nake rubutawa ba. Ta yaya zan rubuta sunan dattijon da yake takwaran mahaifina? Mai Sunan Baba nake sa masa. Sauran ma yadda muke kiransu nake sa su: Dogo, Mai Shayi, Na-Iya, Baban Tagwaye. Takarda ce ta tsakaninmu, kowa ya san kowa.

A shekararsa ta farko Kabiru ya zo ya tsaya a bakin kwata cikin farar shadda, ya yi mana sannu da aiki, har ya ɗauke mu hoto da wayarsa. Da aka tashi ya matso kusa da ni ya rusuna.

"Baba Ɗalhatu, wannan takardar fa a ba ni. Manya suna so su san masu aikin lada, a rubuto muku takardar yabo."

"To, Malam Ƙarami. Bari in kwafe maka a mai kyau."

"Yauwa. Ka ɗan bar fili a gefen sunayen, sannan ka sa hannu a ƙasa."

Na kwafe, na bar fili, na sa hannu. Har da jan layi da rula don ta yi kyau. Shekara uku ina yin haka. Takardar yabo ba ta taɓa zuwa ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Ni da nake tambayar mai kayan miya sau biyu ko canjina ya cika, ban iya buɗe baki na tambayi ɗan malamina me zai yi da filin da ya ce in bari ba. Duk lokacin da na tuna wannan sai in ji kamar in mari kaina.

A shekara ta uku aka liƙa sanarwa a ƙofar ofis cewa kuɗin sabis ya ninka. Wannan shi ne ƙari na biyu. A lokacin bohol ya yi wata biyar a lalace, matanmu suna sayen ruwa a wajen 'yan garuwa. Fitilun layi tun ranar da aka kafa su ba wanda ya ga haskensu. Shara kuwa mu muke turawa a baro zuwa juji. Gwaggo Kande ba ta iya karatu ba, amma da aka karanta mata sai ta ajiye tandarta ta nufi ofis da zani a ɗaure a ƙugu. Ina rumfa ina jin muryarta.

"Kabiru, sabis na me? Nuna mini shi in gaishe shi. Shekara uku ina ciyar da shi ban taɓa ganin fuskarsa ba!"

"Gwaggo, ba ni na sa ba, daga sama ne."

"To ka ce wa na saman su sauko su ɗebi ruwa a bohol ɗinsu, in ya fito in biya."

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci aka taru a gindin darbejiyar layi na biyu. Malam Iliya ya ja maganar, wani tsohon akawu da ya yi aiki a jami'ar garin nan, reshen Kongo, ya yi ritaya, mai son jefa Turanci a zance. Ya ce masu haya da masu biyan mallaka duk ɗaya muke a wannan, kada a bari a raba mu. Aka tsayar da magana cewa kowa zai ci gaba da biyan kuɗin gida, amma ba wanda zai ƙara biyan sabis sai an kawo mana a rubuce abin da aka yi da na baya. Aka ce wanda ya yarda ya ɗaga hannu. Na ɗaga.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai mahaifiyarku, ita ma ba faɗa mata na yi ba. Da wata ya zo ƙarshe na kasa cin abinci. Ina ta tunanin in aka ce na saɓa yarjejeniya aka ƙwace gidan, duk abin da na zuba shekaru ya tafi, ina zan kai ku? Sai na zagaya ta bayan layi na je na biya a ɓoye. Kabiru ya yi murmushi ya ce ai ya san ni mutumin kirki ne. Na ninke rasit na saka a gwangwani, don ko laifi na yi ba na iya yar da rasit. Bayan kwana biyu Rakiya ta buɗe gwangwanin tana neman katin asibiti. Da na shigo na tarar da rasit ɗin a kan faifan da ta rufe mini tuwo.

"Malam, hannun da ka ɗaga a gindin bishiya shi ka je ka miƙa ta taga?"

"Rakiya, gidan nan nake ji wa tsoro."

"Ita Gwaggo Kande a titi take kwana da ba ta jin tsoro? Ci tuwonka."

Ban ci ba. Ban kuma sake biya ba.

Kamfani bai kawo bayani ba. Abin da ya kawo kwaɗo ne. Sun duba duk layukan nan huɗu, masu gemu da masu baki, ba su ga wanda za su fara da shi ba sai tsohuwar da ba ta da miji ba ta da ɗa namiji. Tana bakin titi tana tuya aka zo aka garƙame ɗakinta da kwaɗo a kan nata, aka liƙa takarda cewa in ba ta biya ba cikin wata ɗaya za a fitar da kayanta a ba wani ɗakin. Maganin hawan jininta yana ciki, da carbinta, da zanen sallarta. Ta tsaya a gaban ƙofar nan da mai a hannunta, ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba, kuma shirun nan nata ya fi komai tayar mini da hankali. Rakiya ta kama hannunta ta kawo ta gidanmu. Ku manyan kun tuna tsohuwar da ta kwana a ɗakinku kusan mako uku tana muku tatsuniya. To dalilin ke nan.

Washegari matan layi suka yi abin da mu maza muka kasa. Kowace ta ɗauki bokiti ta cika shi da baƙin taɓon kwata, suka jera su a ƙofar ofis, suka zauna a kan tabarmi. Suka ce tun da kwata ake biya wa kuɗi, ga ta sun kawo a ƙirga. Mutane suka taru har daga wasu unguwanni. Ba a kwana uku ba hukuma ta aiko cewa za ta turo kwamiti ya saurari kowa, kuma ta umarci kamfani ya ba mu kwafin takardunsa. Mun yi murna. Ni har na ce wa Rakiya ai ga shi an gama.

Da hantsi ne Malam Iliya ya zo rumfata da fayil a hammata. Bai zauna a benci ba kamar yadda ya saba. Ya zaro takardu uku ya ɗora a kan hular da nake ɗinki.

"Ɗalhatu, duba nan. Ka san wannan?"

Rubutuna ne. Layin rulata ne. Ga Mai Sunan Baba, ga Dogo, ga Mai Shayi, ga Na-Iya. Amma a filin nan da na bari, an cike gaban kowane suna da kuɗi, da wani biro daban. A sama an rubuta cewa waɗannan leburori ne da kamfani ya ɗauko ya biya don yasar kwata. A ƙarƙashin sa hannuna an ƙara kalma biyu: shugaban leburori. Can ƙasa kuma an sa kuɗin abincin ma'aikata. A bayan kowace takarda ga hotonmu, mun sunkuya cikin kwata, taɓo ya rufe mu ba a gane fuskar kowa. Wato mu muka shiga ƙazantar, mu muka kwashe ta, tsohuwa ta dama kunu da geronta, sannan aka rubuta an biya wasu, aka raba kuɗin a kanmu muka biya. Da aka ga mun biya ba mu ce komai ba, aka ninka. Allurar da ke hannuna ta shige mini yatsa ban ji ba sai da na ga jini a kan hular mutane.

"Wallahi Malam Iliya ban karɓi ko..."

"Na sani. Ni na san ka. Amma kwamiti bai san ka ba, takarda zai duba. Kuma ka ga matsalar: babu suna ɗaya a nan da ya dace da rajistar ofis. Kabiru zai ce 'yan ƙauye ne ya ɗauko. In Dogo ya miƙe ya ce ni ne Dogo, za a ce kowane gari akwai dogo. Sai wanda ya rubuta ya tashi ya ce ni na rubuta, ga asali. Kana da orijinal?"

Ina da shi. Shekara ukun duk suna cikin littafina, da ranakunsu, da adadin goron da aka raba, ba kuɗi a gaban sunan kowa. Malam Iliya ya ce to shi ke nan, ranar Litinin da kwamiti zai zauna in zo da shi. Ya faɗe ta kamar abu mai sauƙi. Shi ba ɗalibin Malam ba ne.

Kwana uku na yi ina kai da komo. In na tashi a gaban jama'a na ce ɗan Malam Yahuza ya yi ha'inci, a birnin nan ba Kabiru za a kalla ba, gidan za a kalla. Kuma za a ce wa ya tona? Wanda ya yi shekara ashirin yana shan karatu a zauren kyauta. In kuma na yi shiru, takardar za ta tsaya, ƙarin kuɗi zai tsaya, za a fitar da kayan Gwaggo Kande, kuma sunana zai zauna a fayil a matsayin wanda ya karɓi kuɗin maƙwabtansa. Na yi tunanin in ce littafin ya ɓata. Na yi tunanin in tafi Kano in ce rasuwa aka yi. Ita kuwa Gwaggo tana tsakar gidana tana tsince wa Rakiya shinkafa. Da labarin kuɗin abinci ya kai kunnenta sai ta ajiye tiren.

"Kununa? Kunun da na dama don Allah shi aka sayar mini? Mai Hula, kai ka rubuta, kai za ka goge. In ba ka tashi ba, ni zan tashi in kira sunanka."

Ranar Lahadi na yanke cewa ba zan yi komai a bayan idon Malam ba. Na je zaure, na bari kowa ya yi karatunsa ya tafi. Littafin fiƙihun da nake karantawa saura warƙa goma sha ɗaya in sauke, bayan shekara shida a kansa. Ban buɗe shi ba ranar. Na matsa gaban Malam na durƙusa, na ajiye takardun uku da littafina, na faɗa masa komai. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa. Ya bi sunayen da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo wajen rubutun da aka ƙara sai yatsan ya tsaya. Ai shi ya koya wa mai wannan rubutun riƙe alƙalami.

"Ɗalhatu, wannan rubutunka ne?"

"Nawa ne, Allah gafarta Malam."

"Wannan kuma?"

Na sunkuyar da kai.

"An biya ku?"

"Ba a biya mu ba, Allah gafarta Malam. Ba mu ma nema ba. Gayya ce."

"To me ka zo tambayata?"

Ya cire tabarau ya miƙo mini takardun. Na karɓa. Na yi masa sallama na tashi. Ina sa takalmi na ji ya ce, ba da ƙarfi ba, in gaishe da tsohuwar.

Ranar Litinin aka jera kujeru a filin da ke gaban ofis. Mutum uku suka zo daga hukuma. Kafin a zauna Kabiru ya ja ni gefe. Yau bai rusuna ba.

"Baba Ɗalhatu, ka tuna wanda ya raɗa wa 'ya'yanka suna. In ka zauna shiru, sauran kuɗin gidanka ni na san yadda zan yi da shi. Ba wanda zai ji."

Ina so ku sani, duk tsoron da na kwana da shi a wannan lokacin ya fita. Abin da ya shigo a madadinsa ban taɓa jin irinsa ba. Yaron nan ya san ba zan iya tambayarsa ba, don haka ya zaɓe ni tun farko. Ba rubutuna ya yi amfani da shi ba, girman ubansa da ke idona ya ɗauka ya sayar. Yanzu kuma ya dawo yana so ya sake sayar da shi karo na biyu. Na dube shi na kira shi da sunan da ban taɓa kiransa ba.

"Kabiru, matsa mini."

Ya yi bayaninsa a gaban kwamiti da Turanci da Hausa, ya ɗaga hotuna, ya ce leburori ne daga ƙauye. Sannan Malam Iliya ya ce akwai mai magana. Na miƙe da littafina. Na ce ni ne Ɗalhatu, rubutun nan nawa ne, ba ni da leburori, ban taɓa zama shugaban kowa ba. Na ce zan kira sunayen, duk wanda ya ji nasa ya tashi. Na ce Dogo, ya tashi. Mai Shayi, ya tashi. Na-Iya, Baban Tagwaye, suna ta tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa yana faɗin lambar gidansa, akawun kwamiti yana dubawa a rajista yana gyaɗa kai. Na ce Mai Sunan Baba, tsoho ya dafa sanda ya miƙe. Shugaban kwamiti ya ce mini mene ne sunansa na gaskiya. Na ce ranka ya daɗe, sunan mahaifina ne, sai dai shi ya faɗa da bakinsa. Aka yi dariya, har shi shugaban. Amma da na kira Ɗan Bakano ba wanda ya yi dariya, don ya rasu a shekarar da ta gabata. Matarsa ce ta miƙe daga cikin mata ta ce, "Gida na tara. Ranar da ya shiga kwatar nan ta ƙarshe da zazzaɓi a jikinsa ya shiga. Nawa aka ce an biya shi?" Akawu ya karanta mata. Ta ce, "To a ba marayunsa."

Kabiru bai sake ɗaga kai ba.

Kada ku ɗauka an yi mana adalci gaba ɗaya, ba a yi ba. A ranar aka cire kwaɗon ɗakin Gwaggo Kande, wannan kam na gani da idona, kuma ita ta hana su tafiya da shi, ta ce ta saye shi da kununta. An soke ƙarin, an cire kuɗin yasar kwata daga sabis, an gyara bohol bayan wata biyu. Amma abin da muka biya na shekara uku ba a dawo da shi ba, aka ce ana bincike, har yau ana yi. Marayun Ɗan Bakano ba su ga komai ba. Kamfanin bai tafi ba. Kabiru kuwa ɗauke shi aka yi aka kai shi wasu gidajen a wani gari, inda ba a san shi ba. Yau kun san shi, Alhaji ne, in ya zo ɗaurin aure ana tashi a ba shi wuri.

Washegari bayan La'asar na ɗauki buzuna da littafina na tafi Limancin Kona. Na tarar da ƙofar zaure a rufe, ɗalibai suna tsaye a waje. Aka ce Malam ba ya jin daɗi. Jibi ma haka. Mako ya wuce, wata ya wuce. Ba ciwo ba ne, kowa ya sani. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana karantar da mutane halal da haram ya ce ba zai iya zama a gabansu ya buɗe littafi ba. Bai ƙara fitowa karatu ba har Allah ya karɓi ransa a shekarar da ta biyo. Ɗaliban da muka yi shekaru muna haɗa kafaɗa suka daina amsa sallamata da kyau. Wani ya tare ni a kasuwa ya ce da na bari an kashe maganar a cikin gida. A wane gida? Gidan da aka sa wa kwaɗo? Ranar jana'iza a sahun ƙarshe na tsaya, kuma ban shiga yin ta'aziyya ba don ƙanen Malam ya aiko cewa kada in zo. Kabiru ne ya zauna a zauren yana karɓar gaisuwa, a daidai wurin da Malam yake zama.

Wannan shi ne abin da ake nufi in an ce ubanku ya rufe zauren Malam. Ni ban rufe shi ba. Na je na durƙusa na tambaya, mai zauren ya ba ni amsa, kuma ya fi ni sanin abin da amsar za ta ci masa. Laifina da na yarda da shi guda biyu ne, kuma na rubuta su a sama ban ɓoye ba: na bar fili a takarda ban tambaya ba, kuma na biya a ɓoye bayan na ɗaga hannu. Har yanzu muna fita gayya kafin ruwan farko, har yanzu ni ke rubuta sunaye, amma a littafina suke kwana. Ejan na yanzu ya taɓa cewa in ba shi, na ce ya zo da shebur in rubuta shi.

Kun sha tambayar mahaifiyarku me ya sa ban kai littafin nan wurin wani malami na ƙarasa ba. Yana nan a cikin akwati, da zaren hula a inda muka tsaya. Na gwada sau ɗaya, na je wani zaure, da malamin ya fara fassara sai na ji ba muryar ba ce, na rufe na fito. Na san ana son musulmi ya yafe, kuma wannan yana damuna ƙwarai, don na tsufa kuma ina tsoron in tafi da wani a raina. Na zauna na rarrabe abin dalla-dalla kamar yadda na saba. Kuɗin na yafe. Gumin na yafe, dama ba don a biya mu muka yi ba. Sunan da aka ɓata mini ma na yafe, tun da ga shi na wanke shi a wurinku. Amma warƙa goma sha ɗayan nan, da tsohon da ya ƙare kwanakinsa a bayan rufaffiyar ƙofa saboda kunyar abin da bai aikata ba, na yi iyakar ƙoƙarina, Allah ya sani. Ban yafe wa Kabiru ba.